Fure babu launi: abin da masu hoton baƙi da fari suke nema a jikin furanni

Launi shi ne jarin fure. Da shi yake kiran ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi su zo su kwashi garin da ke cikinsa su kai wa wani furen, kuma da shi yake jan idon mai saye a kasuwa. Saboda haka duk wanda ya fara cin karo da hoton fure mai baƙi da fari a rataye a gidan baje kolin fasaha a Landan ko New York ko Tokyo yana da hujjar tambayar abin da ya rage wa furen bayan an raba shi da jarinsa. Amsar tana da ɗan tsawo, domin ta haɗa da yadda ido yake gani, da yadda fim yake karɓar haske, da tarihin wasu mutane ƙalilan waɗanda har yau masu wannan sana'a ba su fita daga inuwarsu ba.

A farkon al'amari babu zaɓi. Lokacin da Baturen Ingila William Henry Fox Talbot yake gwaje-gwajensa a shekarun 1830, yakan ɗora ganye ko ɗan reshe a kan takardar da ya shafa wa sinadarin azurfa ya ajiye a rana, sai inda ganyen ya rufe ya tsaya fari, sauran takardar ta yi duhu. A 1843 Anna Atkins ta fara fitar da kundin tsirran teku ta irin wannan hanya, sai dai nata sinadarin shuɗi yake bayarwa. Hoto mai launi ya shiga kasuwa a 1907 da farantan Autochrome na 'yan gidan Lumière a Faransa, fim ɗin Kodachrome ya biyo baya a 1935, amma manyan gidajen fasaha sun daɗe suna ɗaukar launi a matsayin kayan talla da hoton biki, har zuwa 1976 da gidan fasahar zamani na New York ya baje hotunan William Eggleston masu launi. Daga nan lissafin ya juye. A yau kowace wayar hannu da launi take ɗauka, don haka wanda ya fitar da hoton fure baƙi da fari da gangan ya yi, kuma dole hoton ya nuna dalilin da ya sa.

Matsala ta farko da mai ɗaukar hoto yake gamuwa da ita tana ba sababbin shiga mamaki. Jan wardi a tsakiyar koren ganye yana tsalle wa ido tun daga nesa, amma idan aka ɗauke shi da fim baƙi da fari na yau da kullum, ja da koren sukan fito da ruwan toka kusan iri ɗaya, furen ya nutse cikin ganyensa. Dalili shi ne launukan biyu sun sha bamban a kala amma yawan hasken da suke mayarwa ya yi kusa da juna, shi kuwa fim yawan haske kawai ya sani. Tsofaffin faranti na ƙarni na 19 ma ba sa ganin ja ko kaɗan, shi ya sa jan fure yake fitowa baƙi ƙirin a hotunan wancan zamani. Maganin da aka daɗe ana amfani da shi shi ne filta, wato ɗan gilashi mai launi da ake ɗaurawa a bakin kyamara. Ƙa'idarsa ɗaya ce: yana haskaka abin da ke da launinsa, yana duhunta kishiyarsa. Da jan filta wardin zai fito kusan fari a kan ganye mai duhu, da koren filta kuma ganyen ne zai yi haske, jijiyoyinsa su bayyana, wardin ya koma baƙi mai nauyi. Fure ɗaya, haske ɗaya, hotuna biyu da ba su yi kama da juna ba, kuma babu wanda za a ce shi ne na gaskiya.

Kyamarar zamani ta mayar da wannan aiki kan kwamfuta. Idan aka bar na'ura ta yi da kanta, tsohon lissafin da aka gada daga talabijin yakan ɗauki kusan kashi 30 cikin 100 daga ja, kashi 59 daga kore, kashi 11 daga shuɗi, domin haka idon ɗan'adam yake auna haske. Mai sana'a ba ya yarda da wannan rabo, sai ya riƙa ƙarawa yana ragewa har kowane falle na furen ya sami nasa matsayi tsakanin baƙi da fari. Akwai kuma waɗanda suka zaɓi su toshe wa kansu hanyar komawa baya. A 2012 kamfanin Leica na Jamus ya fitar da M Monochrom, kyamarar dijital da ba ta ɗaukar launi sam, saboda an cire mata shimfiɗar ƙananan filtoci masu ja da kore da shuɗi da ke kan idon sauran kyamarori. Mai riƙe da ita ya koma halin mai fim: idan yana son raba wardi da ganye, sai ya ɗaura gilashi mai launi tun kafin ya danna.

Farin fure ya fi ja wahala, kuma shi ne masu wannan fanni suka fi so. Ma'aunin haske na kyamara an gina shi ne ya mayar da duk abin da ya cika masa ido zuwa matsakaicin ruwan toka, don haka farin fure yakan fito dishi-dishi idan aka bi maganar ma'aunin. Idan kuma aka ƙara haske fiye da kima, fallayen su ƙone su zama farar takarda ba komai a kai. Tsarin da masu ɗaukar hoto 'yan Amurka Ansel Adams da Fred Archer suka tsara wajajen 1940 ya raba tazarar da ke tsakanin baƙi ƙirin da fari fat zuwa matakai 11, daga 0 zuwa 10, matsakaicin toka yana na 5, kuma farin da har yanzu ake ganin saƙar jikinsa yana zaune ne a na 7 zuwa na 8. Duk kyan hoton farin fure a wannan 'yar siririyar tazara yake. Wanda ya taɓa duban farin aiki a kan farar shadda ya san abin da ake nufi: idan haske ya fuskanci rigar kai tsaye aikin yakan ɓace, sai ya zo daga gefe kowane zare yake tashi da inuwarsa. Saboda haka ne za a ga masu hoton fure suna ajiye shi kusa da taga, ko su sa fitila ɗaya a gefe da farin kwali a ɗaya gefen don ya mayar da ɗan haske cikin inuwa. Wasu kuma daga baya suke haska shi, hasken ya ratsa fallen, jijiyoyin da ido ba ya lura da su su fito ɗaya bayan ɗaya.

Ga kuma batun kusanci. Idan kyamara ta matso dab da fure, abin da zai fito tar ba ya wuce 'yan milimitoci, bakin falle ya fito, cikinsa ya dushe. Don a ƙara zurfin sai a tsuke ƙofar haske, tsukewar kuma tana tsawaita lokacin ɗauka, shi kuwa fure ba dutse ba ne. Iskar numfashi tana motsa shi, zafin fitila yana sa shi yaushi, tulif ma yakan ci gaba da lanƙwasa wuyansa zuwa wajen haske bayan an yanke shi an sa a tulu. Masu dijital suna kauce wa wannan ta ɗaukar hotuna da dama, kowanne da wurin da ya fito tar, sannan kwamfuta ta haɗe su, abin da yake ba da hoto mai tsabta wanda wani lokaci tsabtar tasa take yin yawa har furen ya yi kama da na roba.

Waɗannan duka dabaru ne, kuma dabara ba ta faɗi abin da ake so a ce da furen ba. A nan ne mutane uku ko huɗu suka shata hanyoyin da ake bi har yanzu. Na farkonsu Bajamushe ne, Karl Blossfeldt, wanda aka haifa a 1865 ya rasu a 1932. Ya fara ne da koyon aikin zubin ƙarfe, daga baya ya zama malami a makarantar fasaha a Balin, kuma hotunan tsirrai da ya yi shekara fiye da 30 yana tarawa kayan koyarwa ne kurum, don ɗalibansa su ga yadda toho da reshe suke da siffofin da maƙeri zai iya kwaikwaya. Da kyamarar da ya haɗa da hannunsa yake aiki, wadda take iya girmama abu har sau 30. Yakan gyara tsiron, ya cire ganyen da ya tare masa gani, ya tsayar da shi a gaban kwali marar ado, ya ɗauke shi kai tsaye. Da aka buga hotuna 120 daga cikinsu a littafi a 1928, sai masu fasahar Turai suka ga abin da shi bai yi da'awa ba: tohon da ya yi kama da sandar ƙarfe da aka murɗa, kan fure da ya yi kama da hasumiya. Rashin launi ne ya ba da wannan dama, domin da koren yana nan da ido ya ce ganye ne ya wuce.

A daidai wannan lokaci, a can Kalifoniya, Imogen Cunningham tana gida da 'ya'ya maza uku ƙanana, abin da ke kusa da ita shi ne lambun gidanta a Oakland. Ta karanta ilmin sinadarai a Jami'ar Washington, ta taɓa yi wa sashen nazarin tsirrai hotuna don ta biya kuɗin makaranta, don haka ta san fure ta san takarda. Hotonta na furen magnoliya na 1925 ya shiga cikin furen har tsakiyarsa ta tsaya kamar gini, fararen fallaye suna kewaye da ita, kowanne da nasa ruwan tokar. A 1932 tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar f/64 tare da Adams da Edward Weston, sunan da suka ɗauko daga ƙofar haske mafi tsukewa a manyan kyamarorinsu, don nuna cewa sun rabu da salon hoto mai hazo-hazo da ke kwaikwayon zanen fenti. Ita kuwa Tina Modotti, 'yar Italiya da ta zauna a Meziko, a 1924 ta cika faɗin hoto da fararen wardi huɗu da suka matse juna, gefunansu sun fara yaushi. Wannan hoto ne aka sayar a gwanjon Sotheby's a 1991 a kan dala 165,000, farashin da a lokacin ba a taɓa biya wa hoto a gwanjo ba.

Amma wanda ya fi kowa tasiri a kan abin da ake gani a yau shi ne Robert Mapplethorpe, ɗan New York da ya rasu a 1989 yana da shekara 42 sakamakon cutar ƙanjamau. An fi saninsa da hotunan tsiraici da suka tayar da ƙura a Amurka, har gidan fasaha na Corcoran a Washington ya soke baje kolinsa a 1989, aka kuma gurfanar da shugaban wani gidan fasaha a Cincinnati a 1990 kafin kotu ta wanke shi. Sai dai tun 1978, shekarar da ya fitar da kundin hotuna 13 da suka fi jawo masa suka, ya fitar da wani kundin na hotuna 13 na furanni zalla, kuma bai taɓa ɗaukar aikin biyu a matsayin abubuwa daban ba. Yadda yake tsayar da jikin mutum haka yake tsayar da fure. Kyamararsa Hasselblad ce, mai ba da hoto murabba'i, bangon bayan yakan zama baƙi ko toka marar komai, furen guda ɗaya tak, galibi wanda Turawa suke kira calla lily, wato farin furen nan mai falle ɗaya naɗaɗɗe da tsinke a tsakiya, ko okid, ko tulif. Hasken yana da kaifi, wani lokaci inuwar furen a bango ta fi furen kansa ɗaukar ido. Babu raɓa, babu lambu, babu ƙwaro, babu alamar ƙasar da furen ya fito. Mai kallo yakan ji cewa furen yana da hali irin na mutum, yana gadara ko yana barazana, kuma wannan ya raba shi da furen katin gaisuwa da aka saba gani.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne Mapplethorpe ba ya wanke hotunansa da kansa. Wani mai suna Tom Baril ne ya yi shekaru yana tsaye a ɗakin duhu yana fitar masa da baƙin nan mai zurfi da farin nan mai laushi da aka san shi da su. Wannan ya nuna cewa rabin aikin hoton baƙi da fari a kan takarda ake yin sa. Daga baya Baril ya fito da nasa hotunan furanni, yana amfani da kyamara marar gilashi, mai ɗan ƙaramin huji kawai, da fim ɗin Polaroid mai lamba 55 wanda yake barin tabo a gefen hoto, sai furanninsa suka fito da laushi da duhun da ya bambanta da na maigidansa.

A ganina, mafi yawan hotunan furanni baƙi da fari da suka cika intanet da shagunan kayan ado a yau jikokin Mapplethorpe ne da ba su gaji komai ba sai baƙin bango. Tsarin yana da sauƙin kwaikwayo: farin fure, baƙin ƙyalle, fitila ɗaya a gefe, sannan a danna maɓallin cire launi. Sakamakon yana da kyau a ido, shi ya sa otal-otal da ofisoshi suke sayensa, amma bai ƙara wa mai kallo sanin komai game da furen ba. Masu sukar wannan fanni suna da gaskiya idan suka ce baƙi da fari ya zama wata riga da ake sa wa hoto marar ƙarfi don ya yi kama da na manya. Hanyar gane bambanci ita ce a tambayi ko cire launin ya fito da wani abu da launin yake ɓoyewa, kamar saƙar falle, ko nauyin kan fure a kan siririn kara, ko gurbin da ke tsakanin fure biyu. Idan hoton zai fi kyau da launinsa, to an yi asara ne kawai. Irving Penn, wanda gwani ne a baƙi da fari, da launi ya ɗauki furannin da ya yi wa mujallar Vogue daga 1967, domin abin da yake bi shi ne yadda kalar fure take canjawa idan ya fara mutuwa.

Inda fannin yake da rai a yanzu shi ne wajen waɗanda suka kauce wa cikakken fure mai ƙuruciya. Masu zanen Holan na ƙarni na 17 sun riga sun yi amfani da furen da ya fara zubar da fallaye don tunatar da mai kallo gajartar rayuwa, kuma baƙi da fari ya dace da wannan fiye da launi, saboda yamutsewar busasshen falle duk aikin haske da inuwa ne. Nobuyoshi Araki na Japan ya yawaita ɗaukar furannin da suka yanƙwane bayan rasuwar matarsa Yoko a 1990, kuma hotunan ba su da tsabtar na Mapplethorpe ko kaɗan, ana ganin baranda da tarkacen gida a cikinsu. Ron van Dongen, ɗan Holan da ke zaune a Amurka, da kansa yake shuka abin da yake ɗauka, don haka yana da damar jiran ranar da tohon ya fashe ko ranar da kan furen ya sunkuya, abin da mai sayen fure a shago ba ya samu. Kenro Izu, haifaffen Osaka, yana aiki da ƙatuwar kyamara mai fim inci 14 da 20, ya ɗora fim ɗin kai tsaye a kan takardar da ya shafa wa sinadarin filatinom, wani ƙarfe mai daraja, da hannu, ba tare da girmamawa ba. Wannan hanya, wadda William Willis ya yi wa rajista a Ingila a 1873, ba ta ba da baƙi mai ƙyalli, amma tana ba da matakan ruwan toka masu yawa da suke nutsewa cikin zaren takardar, kuma ba ta dushewa da sauri.

Akwai wani reshe na daban da ya kamata a ambata ko da a taƙaice, wato furen da ke hannun mutum. A ɗakin hotonsa na Bamako, mai ɗaukar hoto ɗan Mali Seydou Keïta ya kasance yana ajiye kayan aro ga masu zuwa ɗaukar hoto, har da furen roba, kuma ɗaya daga cikin sanannun hotunansa na ƙarshen shekarun 1950 wani saurayi ne cikin farar kwat, da tabarau, da alƙalami a aljihu, yana riƙe da fure ɗaya a gaban ƙirjinsa. A baƙi da fari ba a iya rantsewa ko na roba ne ko na gaske, kuma hakan bai rage wa hoton komai ba.

Duk wannan aiki ya dogara ne da kayan da masu yin su suke raguwa. Kodak ta daina yin takardar wanke hoto baƙi da fari a 2005, Polaroid ta dakatar da fim ɗinta mai lamba 55 a 2008, kamfanin Ilford na Ingila kuma ya durƙushe a 2004 kafin wasu manajojinsa su saye shi a shekarar da ta biyo, kuma shi ne har yau babban madogarar masu ɗakin duhu. Da yawa sun koma ga na'urar buga hoto mai tawada, wasu har suna cire tawadar launi su cika ta da baƙi da toka iri-iri don su sami matakan da azurfa take bayarwa. Wasu kuma sun haɗa biyun: su ɗauka da dijital, su buga babban nagatif, wato hoton da baƙi da fari suka sauya wuri wanda daga shi ake wanke kwafi, a kan roba mai haske, sannan su koma ga buroshi da filatinom. Masu saye suna lura da wannan bambanci, shi ya sa a bayan kowane hoto da ake sayarwa a gidan fasaha ake rubuta irin takardar, da shekarar da aka ɗauka, da shekarar da aka wanke, da lambarsa cikin adadin kwafin da aka ƙayyade, kuma kwafin da aka wanke a zamanin da aka ɗauki hoton yakan ninka wanda aka wanke daga baya a farashi ko da daga nagatif ɗaya suka fito.